Jarrabawar Ƙararrawa

A shekarar da gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya tafi makaranta kyauta, Lantana ta ɗinka wa 'yarta Atika riga shuɗiya tun kafin a fara rubuta sunaye. Atika tana da shekara bakwai. Ranar ɗaukar yara ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunnenta na ɗaya gefen, kamar yadda ake sa kowane yaro ya yi, aka ce ta isa, aka rubuta ta. Mako uku ta yi a aji mai yara saba'in. A na huɗu malamin ya aiko a gaya wa mahaifinta cewa yarinyar akwai natsuwa, amma shi bai san yadda zai koya wa wadda ba ta jin sa ba. Lantana ta wanke rigar, ta ninke, ta sa a ƙasan akwati.

Sanƙarau ne ya tafi da jin Atika tana 'yar shekara biyu. Duk unguwar Gidan Dare an san haka, amma ba wanda ya taɓa jin kalmar kurma daga bakin Lantana. In baƙuwa ta tambaya, sai ta ce yarinyar kunya gare ta, ko ta ce kunnen ne da ɗan nauyi, ta yi maza ta kawo wata hira.

A cikin gida kuwa Atika ta fi kowa surutu. Mahaifinta Maccido yana aiki a Kalambaina, wajen injin da ke farfasa dutsen siminti. A can ko ihu ka yi na kusa da kai ba ya ji, don haka ma'aikatan da hannu suke magana: zo, tsaya, ruwa, kashe inji, babba na tafe. Shi ya kawo wa 'yarsa waɗannan, ba su fi ashirin ba. Matan gidan suka karɓa suka yi ta ƙari, har kowa ya samu sunansa. Inna Dijatu, uwar Maccido, sunanta hannu a ƙugu. Mairo, matar ƙanensa, sunanta ɗan yatsa a kan wushirya. In maza na zaure, har gulmarsu ake yi da hannu a tsakar gida, kuma Atika ce kan gaba.

Bayan ƙaramar salla sai mai unguwa ya sa aka yi shela. Ma'aikatar ilimi tana bincike gida-gida, tana son sanin yara nawa ne a birni ba sa gani, nawa ba sa ji, nawa ba sa tafiya. Kuma za a buɗe aji guda na waɗanda ba sa ji, da malamin da ya koyo aikin, amma kujera goma sha biyu ce kawai. Wata malama za ta shiga gidaje ta gwada yaran.

Mairo ce ta kawo sauran labarin, daga gidan suna.

"Na gani da idona, Yaya," ta ce wa Lantana, ko mayafi ba ta cire ba. "Aza yaro ake bisa kujera, ita malamar ta koma bayanshi ta kaɗa ƙararrawa. In ya waiwaya ta yi rubutu. In bai waiwaya ba ta yi rubutu."

"To wane rubutun na na cin jarrabawa?"

"Ke ma dai, Yaya. An taɓa cin jarrabawa da zama kamar turmi?"

Lantana ta san jarrabawa. Babbar 'yarta ta yi ta bara, ta ci, mota ta zo ta ɗauke ta zuwa makarantar kwana. Waɗanda suka faɗi suna nan unguwa suna tallar goro. Wanda ya amsa daidai ake ɗauka, haka yake ko'ina.

"Mi anka ce?" Inna Dijatu ta tambaya daga kan tabarmarta. Ita dama sai an ɗaga murya, ko da yake tana cewa abin da ta ga dama ne take ji.

Mairo ta sake faɗa mata da ƙarfi.

"Kujera sha biyu garin ga duka?" in ji Inna. "To masu ƙoƙari za a ɗiba. Ƙawata Atika ba ta hwaɗuwa ina zaune."

Ita ta kawo dabarar. Za ta zauna gaban Atika da mazarinta tana kaɗin auduga, kamar tsohuwar da ba ruwanta. Daga nan tana hangen duk abin da malamar ke yi a baya. In an kaɗa a dama sai ta sosa kunnen dama, in a hagu ta sosa na hagu, Atika kuwa ta waiwaya.

Kwana uku suna gwaji da murfin kwano da cokali. Da farko Atika kan juya tun Inna ba ta kai hannu kunne ba, sai da aka koya mata ɗan jinkiri. Ta ɗauki abin da gaske, ko dariya ba ta yi. Lantana ta nuna mata da hannu: in kin yi daidai, makaranta. Ba wanda ya gaya wa Maccido. Ba ɓoyewa aka yi ba, kawai dai shi da sassafe yake hawa sabon babur ɗinsa, kuma wannan sha'anin cikin gida ne.

Ranar Laraba da hantsi Malama Zulaihatu ta yi sallama. Yarinya ce, ba ta kai Mairo ba, da tabarau da jaka mai nauyi. Motar ofis ta tsaya can bakin hanya saboda ramin da ake haƙa na famfo, ƙafafunta duk jar ƙasa. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Ta fito da takarda mai gidaje-gidaje ta fara tambaya: suna, shekaru, ciwon da ta taɓa yi.

"Tana ji?"

"Kunnen na da ɗan nauyi, Malama," in ji Lantana. "Ba wani abu ba."

Malama ta rubuta. Aka zaunar da Atika a kujerar tsakar gida, Inna ta gyara zama da mazarinta.

Ƙararrawa biyu ce a jakar, babba da ƙarama. Malama ta kaɗa babbar a dama. Inna ta sosa kunne. Atika ta ɗan jinkirta, ta waiwaya dama. Ƙaramar a hagu, ta waiwaya hagu. Malama ta ɗaga gira, ta ja da baya taku biyar ta girgiza kwalin ashana. Atika ta waiwaya. Sai Malama ta kwance agogon hannunta ta riƙe shi a iska, nesa da yarinyar kamar kamu uku. Inna ba ta san ko agogo yana cikin jarrabawa ba, amma ta ga hannu ya tashi a dama, ta sosa.

"Ikon Allah," in ji Malama Zulaihatu, tana duban agogon. "Ni kaina sai na kanga shi a kunne nike jin shi." Ta yi rubutu mai tsawo. "Kunnenta garau yake. Rashin maganar ne ya kamata a kai ta asibiti a duba."

Direba ya danna ham daga bakin hanya, ta tattara kayanta. Lantana garau ɗin nan kawai ta ji. Ta cika mata ƙwarya da ƙwan zabi, ta raka ta har bakin zaure tana sa albarka. Da ta dawo ta buɗe akwati, ta fito da shuɗiyar riga, ta warware kalmasar ƙasa don Atika ta ƙara tsawo.

Kwana tara rigar tana rataye a ƙusa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Maccido ya shigo, girarsa fari fat da ƙurar siminti. Bai nemi ruwan wanka ba. Ya tsaya tsakar gida da hula a hannu.

"Na biya wurin mai unguwa," ya ce. "Sunaye sun hito, goma sha ɗaya. Babu Atika."

Lantana ta ajiye ludayi. "Ba su duba da kyau ba, Malam. Ta ci. Ko guda ba ta kuskure ba."

"Shi na abin da ban gane ba. An ce takardarta ta nuna tana ji. Wai har agogo ta ji."

"Ta ji shi sarai," in ji Inna Dijatu, da ta matso don kada a bar ta a baya. "Ni nis sosa mata."

Maccido ya dubi uwarsa. Ya dubi matarsa. Mairo ta shige madafa da sauri kamar wani abu na ƙonewa. Sai da aka ba shi labarin tun daga murfin kwano, yana saurare, bakinsa a ɗan buɗe. Da aka gama ya zauna a kan turmi ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa. Lantana ta ɗauka kuka yake. Dariya ce.

"Inna, ajin kurame na," ya ce da ya samu numfashi. "Wanda bai waiwaya ba, shi ake nema."

"To don mi sunka ce jarrabawa?"

"Wa ya ce jarrabawa?"

Aka dubi ƙofar madafa. Ba a ji motsin Mairo ba.

Dariyar Maccido ta ƙare da ya hangi rigar a ƙusa. Ya ce Litinin za a kai takardar ofis a rufe, ranar kuma za a fara aji. Kujera ɗaya ta rage, kuma akwai yaran da ba a gwada ba tukuna a unguwar Gidan Dahala. Lantana ta koma bakin murhu ta ci gaba da tuƙa tuwo, ta tuƙa har ya wuce misali. Atika ta zo ta taɓa mata kafaɗa, ta nuna rigar, ta tambaya da hannu: yaushe? Lantana ta yi kamar hayaƙi ne ya shige mata ido.

Washegari Inna ta yafa mayafi ta fita tun rana ba ta yi zafi ba. Ta ce ita ta ɓata, ita za ta gyara. Gida-gida ta bi a Gidan Dahala tana tambayar inda motar ofis ta tsaya, kuma kafin azahar sai ga ta ta dawo riƙe da jakar Malama Zulaihatu, ita Malama tana biye da jakarta.

Wannan karon Malama ba ta zauna ba.

"Inna ta ce an yi kuskure," ta ce. "Bari in gaya maku gaskiya. Tun da aka ji za a ba 'yan ajin nan riga da abincin rana, kuma mota za ta riƙa ɗaukarsu, yara uku aka kawo mani masu ji garau, an ce su yi shiru. Na jiya ma ya daure wa ƙararrawa, ya daure wa ashana. Da na ce a hankali wa ke son alewa, har da ɗaga hannu. Ita wannan na gwada ta da kaina. Kuma ke kika ce mani nauyi ne kawai."

Duk aka dubi Lantana. Atika tana gefe tana ba akuya ɓawon wake, ba ta san ana maganarta ba.

"Ƙarya niy yi maki, Malama," in ji Lantana. "Kurma ta. Ɗiyata kurma ta, tun tana shekara biyu."

Shekara biyar maganar tana bakinta, ga shi ta fito, kuma ba abin da ya faɗo daga sama. Mairo dai ta sunkuyar da kai. Lantana ta ba da labarin sosa kunne, ba ta rage komai ba.

Malama ta buɗe jakarta. "Zan sake gwadawa, sau ɗaya. Kowa ya koma bayana. Kada wadda ta yi mata ko ƙifta ido. Hannuwa cikin zane."

Suka jeru a bayanta kamar masu laifi. Atika da ta ga kujera da jaka sai fuskarta ta washe. Ta zauna, ta miƙe wuya. Ta nemi Inna a gabanta ba ta gani ba, ta ɗan yamutsa fuska, sannan ta tsayar da ido wuri ɗaya.

Malama ta kaɗa babbar ƙararrawa a dama.

Atika ta ɗan jinkirta, ta waiwaya dama.

Malama ta koma hagu ta kaɗa. Atika ta waiwaya hagu, tana murmushin wadda ta san aikinta.

Lantana ba ta kallon ƙararrawar, 'yarta take kallo, kuma ta san wannan tsayar da kan. Ta bi inda fuskar ta dosa. Akuya ce ɗaure a turke, tana tuƙa, kunnuwanta suna juyawa duk inda ƙara ta fito.

"Akuya ta, Malama. Kunnen akuya take kallo."

Malama Zulaihatu ta rufe alƙalaminta. "Wancan karon Inna, yau akuya. Ku yi haƙuri, akwai gidaje huɗu suna jirana." Ta durƙusa ta fara mayar da kaya cikin jaka.

"To ki bar su cikin jakar," in ji Lantana. Ita kanta ba ta san muryarta za ta fito haka ba. "Ki rufe. Ki tsaya bayanta hannu wofi, kada ki kaɗa komi. Inna ta zauna inda taz zauna ran nan."

Malama ta dube ta ta saman tabarau. Ta zuge jakar, ta miƙe, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Aka janye akuya zuwa bayan ɗaki. Inna ta kawo tabarma da mazari ta zauna, ta gyara ɗaurin kallabi, ba ta gaggawa.

Gidan ya yi tsit. Ko kaza ba ta yi motsi ba. Inna ta murza mazari sau biyu, ta ɗaga hannu ta sosa kunnen hagu.

Atika ta jinkirta daidai yadda aka koya mata, ta juyo hagu, ta dubi Malama ido cikin ido, tana jiran yabo.

Malama ta dubi hannuwanta da ke harɗe. Ta yi ƙoƙarin riƙe fuskarta, abin ya gagara. Ta cire tabarau tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Har agogo," ta ce. "Na je ofis na ba da labarin yarinyar da ta ji agogo."

Duk da haka sai da ta yi gwajin yadda ya kamata. Ta shiga da Atika ɗakin Lantana, ta zaunar da ita tana fuskantar bango, ta saki labulen taga don kada inuwa ta faɗa. Lantana kaɗai ta bari ta tsaya bakin ƙofa. Ta kaɗa ƙaramar. Ta kaɗa babbar. Ta matso dab da kunnen ta kaɗa har kwanonin jere suka amsa. Atika tana zaune ƙyam, kanta yana ɗan motsi, tana neman abin da zai gaya mata a jikin bangon, babu. Lantana tana kallon ƙeyarta da kitson da ta yi mata shekaranjiya. Ta daɗe da sanin abin nan, amma ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba sai yau. Hawaye ya zubo mata, ta bar shi.

Malama ta fito da takardar sunaye, ta ɗora a gwiwa, ta rubuta a layi na goma sha biyu: Atika Maccido, Gidan Dare.

Sai a lokacin Atika ta gaji da jira ta waiwayo. Ta ga ƙararrawa a gefen Malama, ta ga fuskar uwarta jiƙe. Ta ɗaga hannu da sauri: kuma, a sake, ban shirya ba.

Lantana ta durƙusa gabanta. Ta nuna ta. Ta nuna rigar da ke ƙusa. Ta yi alamar makaranta, tafi biyu a buɗe kamar littafi. Ta lissafa mata yara goma sha ɗaya da yatsu, ta taɓa kunnenta, ta taɓa na Atika: duk irinki.

Atika ta dubi hannuwan. Sannan ta yi tambaya.

"Me ta ce?" in ji Malama.

"Wai su ma da hannu suke magana?" in ji Lantana.

"Malaminsu ya iya, a Ibadan ya koyo. Amma ba irin wannan ba ce." Malama ta juya takardar bincikenta gaba da baya. "Gida ashirin da huɗu ne a takardar nan, duk na kunne. Ba a bar ko ɗaya na hannu ba." Ta laluba jaka ta fito da sabon littafin rubutu. "Yaya kuke cewa ruwa?"

Gidaje huɗun nan sai bayan la'asar suka ga Malama. Ta zauna a tabarma tana zana hannuwa, zanen da Mairo ta ce ya fi kama da ƙafar kaza. Atika ce malamar. In Malama ta karkace yatsa sai ta kama ta gyara mata, ba sassauci. Suka yi ruwa, suka yi tuwo, suka yi babur, suka yi soja, wanda shi ne ƙamewa da tura ciki gaba. Da Mairo ta cika su da bayani, Inna ta yanke iska da tafin hannu.

"Wannan fa?" in ji Malama.

"Kashe inji," in ji Lantana. "Daga Kalambaina anka kawo shi. Nan gidan Mairo ake yi ma shi."

Sun kai alama tamanin da wani abu lokacin da Lantana ta lura Atika ta zame daga tabarma. Ta hango ta tana sanɗa ta bayan Inna, da ƙaramar ƙararrawa dunƙule a hannu. Inna ta koma kan kaɗinta, tana ba Malama labarin yadda tun farko ita ta san dabarar ba za ta yi ba. Atika ta ɗaga ƙararrawar a dama ta kaɗa. Inna ta ci gaba da magana. Ta koma hagu ta kaɗa. Inna ta murza mazari.

Atika ta dubi Malama, ta nuna littafin, ta nuna kakarta.

"Malama," in ji Mairo, "ba a iya ƙara kujera ta sha ukku?"

"Mi anka ce?" in ji Inna.

Lantana ta tashi tana dariya, ta shiga ɗaki ta sauke rigar daga ƙusa. Kalmasar da ta warware ba ta ƙarasa ɗinkewa ba, kuma Litinin jibi ce.